Kalma Ɗaya a Takardar Ritayar Baba

Shekara talatin da huɗu mahaifina ya yi yana aiki a sashen wanki na wani babban asibiti, ashirin daga ciki shi ne shugaban sashen. Wurin yana can baya, kusa da ɗakin janareto, inda ba mai leƙawa sai in zanen gado ya yanke a ɗakunan marasa lafiya. Injinan wanki uku ne a ciki, da na busarwa biyu, da wata doguwar na'urar guga mai gurnani wadda ta girmi rabin ma'aikatan. A gida Baba muke ce masa. A asibiti kuwa, tun daga masu gadi har manyan likitoci, Ban Yarda Ba suke kiransa, kuma yana amsawa.

Ba sharri aka yi masa ba. Baba mutum ne da in ka ce masa yau ana zafi zai tambaye ka da me ka auna. Bai taɓa zagin kowa ba, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, muryar ma ba ya ɗagawa sosai. Zama kawai yake yi a gabanka, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya ɗauko maganar tun daga tushe. In ka gaji ka ce ka yarda, sai ya tambaye ka da wane ɓangaren ka yarda. Muna yara, in aka ce iyaye su zo taro a makaranta, addu'a muke yi Allah ya sa injin ya lalace a wurin aiki, don mun san in ya zo sai an kunna fitilu kafin a tashi. Mama ce kaɗai ta gano maganinsa. In tana son a yi wa falo shuɗin fenti, sai ta ce ita dai fari take so, ta koma kicin ta jira.

Ranar da ya yi ritaya su huɗu aka sallama tare. Ni na raka shi, don kantin maganin da nake aiki ba shi da nisa da asibitin. Aka jera kujerun roba a ɗakin taro, aka raba lemon da ya huce, sabon manajan asibitin, wanda bai fi wata takwas da zuwa ba, ya yi jawabi a kan sadaukar da kai yana satar kallon agogonsa. Kowane ɗaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo a cikin ambulan. Matan sashen wanki su goma sha ɗaya suka zo da rigunan aikinsu a jiki, biyu har da hawaye. Baba ya karɓi agogon, ya juya bayansa ya ga ba batir, ya buɗe baki zai yi magana, na ja hannun rigarsa.

Da yamma gida ya cika. Ga ni da mijina, wanda kowa ke kira Ticha saboda Turanci yake koyarwa a sakandare. Ga Kawu, yayan Mama, tsohon akawun kotu. Ga kuma Auta, ƙanwarmu da ke jami'a. Bayan an ci abinci Baba ya sa tabarau ya buɗe ambulan. Turancinsa na aiki ne, na littafin injina da takardun koke, amma yana kai shi inda za shi. Ya karanta layin farko da na biyu yana gyaɗa kai. A na uku ya tsaya, ya ɗora yatsa a kan wata kalma, ya miƙo mini.

Ga abin da aka rubuta: "For thirty-four years he has contended with old machines, with short supplies and, more than once, with this office."

Na gane tsofaffin injina, na gane ƙarancin kayan aiki, na gane ofis, na gane fiye da sau ɗaya. Kalmar da ke riƙe da su duka, contended, ita ce ban sani ba, don ba ta fitowa a jikin kwalin magani. Na miƙa wa Ticha.

Mijina mutumin kirki ne, amma in aka tambaye shi ma'anar kalma sai ya miƙe tsaye. Ya miƙe. Ya ce asalin kalmar contend ce, kuma ma'anarta tana bin 'yar kalmar da ta zo a bayanta. In aka ce contend for, takara ake nufi, kamar ƙungiyoyi biyu da ke neman kofi ɗaya. In aka ce contend that, mutum ne ya kafe a kan wata magana yana cewa lallai haka take. In kuwa contend with ce, kamar yadda ta zo a nan, to fama ne: mutum ya yi ta artabu da abu mai wuya bai gudu ba. Saboda haka, in ji shi, asibitin cewa yake Baba ya sha fama da ruɓaɓɓun injina da rashin kayan aiki, kuma ya jure. Yabo ne, mai kyau ma kuwa.

Kawu ya bari sai da Ticha ya zauna. Sannan ya nemi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce shi shekara ashirin da takwas yana jin wannan kalma a bakin lauyoyi, kuma bai taɓa jin an ɗora ta a kan mutumin da ake so ba. Kalmar jayayya ce. Injin dai a yi fama da shi, ba laifi, amma ofis ba injin ba ne, mutane ne a ciki, kuma in aka ce ka yi contend da mutane, cewa ake yi kai fitinanne ne. Ya ce haka 'yan ofis suke, su jera maka yabo biyu su soke ka da na uku, kai kuma ka kai gida ka rataye a bango jikokinka su zo su karanta.

Ticha ya ce ai Kawu ya cakuɗa amfani biyu ne wuri ɗaya, na kotu daban, wannan daban. Kawu ya ce shi Ticha aikinsa ya koya wa yara kalmomi, shi kuwa aikinsa ya zauna ya ga yadda kalmomi ke kai mutum gidan yari, sai jama'a su zaɓi wanda za su saurara.

Auta ce ta so ta raba gardamar, ta ƙara mata wuta. Tana latsa waya ta ce wataƙila kuskuren bugu ne. Akwai wata kalmar, contented, harafi ɗaya ne ya raba su, ma'anarta wanda ya gamsu, hankalinsa a kwance. Ƙila cewa aka so a yi Baba ya zauna lafiya da injinan da ofishin, bai taɓa ƙorafi ba.

Sai Mama ta tuntsire da dariyar da sai da ta fita waje ta ƙarasa. Baba bai yi dariya ba.

"Ni ne na gamsu?" ya ce. "Da waɗancan injinan?"

Ya ninke takardar ya mayar cikin ambulan. Ya ce da fassarar surukinsa da ta Kawu da ta Auta, duk cikinsu ba wadda ta kwanta masa, zai yi tunani.

Tunanin ya ɗauki mako guda, kuma Mama ce ta ɗanɗana kuɗarsa. Mutumin da ya saba fita ƙarfe shida da rabi ya wayi gari ba inda za shi. Rana ta farko ya gyara famfon da bai lalace ba. Ta biyu ya jawo kujera ya zauna kusa da Mama tana wanki, ya gaya mata sabulun ya yi yawa, ruwan ɗauraya ya yi kaɗan, kuma ba a haɗa tawul da zanen gado. Ta uku ya sauke shanyar da ta yi ya sake ta bisa tsari, manya a baya ƙanana a gaba. Mama ta kira ni a waya daga banɗaki tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce shekara arba'in tana wanke kayan mutumin nan, sai yau ya gano ba ta iya ba.

A makon nan Ticha ya zo sau biyu da wani ƙamus mai kauri da bangonsa ya rabu, ya nuna wa Baba misalai: manomi yana contend da fari, matuƙin jirgi da igiyar ruwa, uwa da 'ya'ya biyar. Kawu ya zo sau uku, ba ƙamus, sai labaran mutanen da takarda ɗaya ta ɓata wa suna har bayan ransu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Mama, wadda ta fi kowa sanin yayanta da son zuga, sai ga ta tana ba shi gaskiya. Ta ce ita ba ta jin Turanci, amma ranta bai kwanta da kalmar ba, ko a baki ba ta da daɗin faɗa. Ta ce magana irin wannan ba a gida ake zama a yi ta juya ta ba, can asibitin ya kamata a je a bi kadinta, ko da za a yi ta zarya. Ranar Lahadi da yamma ta goge masa riguna uku, ta share takalminsa ta ajiye a bakin ƙofa.

Ranar Litinin na nemi rabin yini a wurin aiki na kai shi, don Mama ta ce in je in zama shaida. Baba ya rubuta abin da zai faɗa, shafi uku, lamba-lamba. A ofishin gaba muka tarar da sakatariya, wata siririyar dattijuwa mai tabarau rataye da igiya a wuya, wadda manajoji bakwai suka zo suka tafi a gaban idonta. Ta dubi Baba, ta dubi ambulan ɗin da ke hannunsa, ta ce mu shiga.

Manaja ya tarbe mu da fara'a. Baba ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa, ya buɗe shafi na ɗaya. Ya fara da cewa akwai kalma a takardar nan da masana suka kasa haɗuwa a kan ma'anarta, kuma bai dace a sallami mutum da kalma mai fuska biyu ba. Bai kai lamba ta biyu ba manaja ya karɓi takardar ya karanta, fuskarsa ta sauya. Ya ce gaskiya ranar takardu ne da yawa aka kawo masa, ya sa hannu bai bi layi-layi ba. Ya ba da haƙuri har sau uku. Ya danna ƙararrawa, ya ce wa sakatariya ta karɓi wannan ta buga wa Baba irin wadda aka saba bayarwa, yanzu-yanzu.

Sakatariya ta ɗan tsaya kamar za ta ce wani abu, sannan ta karɓa ta fita. Cikin minti biyar ta dawo da sabuwa, da wata 'yar takarda da Baba zai sa hannu cewa shi ya nemi a musanya. Ya sa. Sabuwar ta ce ya yi wa asibiti hidima da ƙwazo da aminci da biyayya. Na fassara masa, ko da yake ya gane da kansa.

Muka fito. Ya ci nasara, amma tafiya yake kamar wanda aka ɗauke wa kwano yana tsakiyar ci. Shafi biyu da rabi na aljihunsa ba wanda ya ji su. Ya ce mini manajojin da ba haka suke ba, akwai wanda suka yi wata huɗu suna bugawa a kan fanka ɗaya. Na yanzu, in ji shi, ba su da jimiri ko kaɗan.

A bakin get muka haɗu da tsohon mai kula da sito, ɗaya daga cikin huɗun da aka sallama tare da Baba. Dawo Gobe ake ce masa, don amsarsa ke nan ga duk wanda ya zo neman kaya. Shekara da shekaru Baba yana zuwa tagarsa neman sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya tarar da shi yana barci a kan buhunan abin da ya ce babu. Dawo Gobe ya zo ne, in ji shi, ya nuna wa tsofaffin abokan aiki takardarsa, wadda ya sa aka yi wa firam mai ruwan zinare. Ya ɗaga ta a gabanmu. Baba ya ciro tasa. Na riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Ƙwazo, aminci, biyayya. Ko waƙafi bai bambanta ba, suna kawai aka sauya da sashe.

Dawo Gobe ya yi murna ƙwarai. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce ka gani ko, duk tsiyar da muka yi ashe a wurin manya ni da kai ɗaya ne.

Na ɗauki Baba a mota, muka wuce shataletale biyu. Sannan ya ce in sake gaya masa yadda mijina ya fassara waccan kalmar. Na gaya masa. Ya ce in maimaita ta Kawu. Na maimaita.

"To ai duk biyun na yi," ya ce. "Juya motar."

Na ce masa rabin yinina ya ƙare. Ya ce in sauke shi, zai hau bas.

Manajan da ya ba da haƙuri sau uku da safe, da rana ya zama wani mutum. Ya ce takardar an janye ta ne bisa buƙatar mai ita, ga sa hannunsa nan, kuma takardar da aka janye ba ta sake fita sai kwamitin kula da jin daɗin ma'aikata ya zauna a kanta. Sai an rubuto koke, kwafi uku. Baba ya dawo gida fuskarsa na sheƙi. Ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya kuma yaba wa Mama girkin, abin da ta ce rabonta da ji tun ina goye.

Daga ranar ya koma fita ƙarfe shida da rabi. In ba ya wurin manaja yana wurin magatakardan kwamiti, in ba ya can yana bin mambobin ɗaya-ɗaya a baranda. Mama ta koma wankinta yadda ta saba, tawul da zanen gado a baho ɗaya, tana 'yar waƙarta.

Kawu ne ya rubuta koken, shafi huɗu, cikin Turancin kotu. Da Ticha ya karanta sai da ya nemi wuri ya zauna. A ciki Kawu ya kafa hujja cewa kalmar contend, in dai with ce a bayanta, yabo ne tsantsa ga mai juriya, ya kawo misalin manomi da fari, da na matuƙin jirgi da igiyar ruwa. Uwa mai 'ya'ya biyar kaɗai ya bari. Ticha ya ce ai waɗannan misalansa ne. Kawu ya ce misali ba na kowa ba ne, kuma shi tun farko abin da yake nufi ke nan, ƙarasawa ce ba a bar shi ya yi ba. Mijina ya yi kwana biyu yana buɗe littattafai, ya fito da sabon matsayi. Ya ce in aka duba da kyau kalmar tana da ɗan ƙaiƙayi idan mutane ne a gabanta, don haka Kawun farko ya fi Kawu na biyu gaskiya. Suka ci gaba da gardama daga inda suka tsaya, kowa a kan kujerar ɗan'uwansa.

Kwamitin ya zauna bayan mako biyu. Ba a bar ni na shiga ba, a bakin Baba na ji. Mutum bakwai ne, aka raba musu ruwan gora da biskit. Suka shafe awa guda a kan yadda ake furta kalmar, ko a farko ake danna ta ko a ƙarshe. Wani likitan ƙashi da ya yi karatu a waje ya ce can ma ba a cika faɗinta ba sai a jarida. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce ita abin da ya dame ta, in aka ba mutum ɗaya takarda ta daban, gobe kowa zai zo ya ce a rubuta masa abin da ya yi da gaske, kuma ba kowa ne zai ji daɗin abin da za a rubuta ba. Aka kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku ya binciko ma'anar ya kawo rahoto. Rahoton ya fito bayan kwana goma, layi shida. Ya ce kalmar tana iya zama yabo, tana iya zama suka, saboda haka asibiti ba zai ɗauki alhakinta ba. Ya kuma ba da shawarar a binciko wanda ya sa ta tun farko.

Wannan layin na ƙarshe ne ya tsaya wa Baba a rai. Duk zaryar nan bai taɓa tambayar kansa wa ya rubuta ba, don shi a ganinsa takardar ofis, ofis ne ke rubuta ta. Ya ce in kai shi ranar Alhamis, lokacin da manaja ke zagayen ɗakunan marasa lafiya.

Mun tarar da sakatariya tana cin abincin rana a teburinta, a cikin 'yar kula. Ta rufe, ta nuna mana kujeru. Baba bai ɗauko maganar daga tushe ba, karo na farko a iya sanina. Ya tambaye ta kai tsaye ko ita ce.

Ta ce ita ce. Ta ce takardun sallamar da ta buga a ofishin nan sun fi ɗari uku, duk daga kwafi ɗaya, suna kawai take sauyawa. Ta buga wa ɓarayi, ta buga wa malalata, ta buga wa wani da ya shekara biyu da rasuwa ba a lura ba. Da aka zo kan ta Baba ta sa sunansa a saman ƙwazo da biyayya, ta karanta, sai hannunta ya ƙi. Ta tashi ta buɗe kabad ta nuna mana fayil uku masu kauri ɗaure da igiya, takardun koken Baba ne tun daga na farko. Ita ta karɓe su duka, ita ta buga amsoshinsu, kuma a kanta manajoji ke hucewa in ya fita. Ta ce akwai shekarar da in ta ji takunsa a baranda sai ta nemi wurin ɓuya.

Sannan ta tuna masa lokacin da allura ta soki wata ma'aikaciyarsa a cikin zanen gadon da aka kawo daga ɗakin tiyata. Ya zo ya zauna a kan wannan kujerar kwana uku, daga safe har lokacin tashi, ba ya cewa komai sai gaisuwa, har aka sayo safar hannu masu kauri, aka kuma kafa dokar a riƙa duba kaya kafin a tura su wanki. Tun daga lokacin ba a sake samun wadda allura ta soka ba. Ta ce kwana biyu ta yi tana neman kalma ɗaya da za ta ɗauki wannan, ta kuma ɗauki wahalar da ya ba ta.

"Yabo ne ko zagi?" Baba ya tambaya.

"Malam, rahoto ne," ta ce. "Abin da ya faru na rubuta."

Baba ya daɗe yana juya hularsa. Ya ce yanzu ga shi za a bincike ta saboda shi. Ta ce kada ya damu, ita za a ba wa aikin buga takardar kafa kwamitin binciken, kuma aiki ya yi mata yawa a 'yan watannin nan. Ta jawo durowa ta ciro takardar farko. An ce ta yaga, ba ta yaga ba. Sai dai manaja ya riga ya buga mata hatimin sokewa, ja, a karkace, daidai kan sunan asibitin. Ta ce a hukumance wannan takarda babu ita, saboda haka ba wanda zai ce ta ba da wani abu.

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya karanta layi na uku a hankali, leɓensa na motsi. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na kau da kai ina duban kalandar bango. Da ya gama ya yi gyaran murya ya ce akwai gyara ɗaya. Inda aka ce fiye da sau ɗaya, wannan ragi ne, mai karatu zai ɗauka sau biyu ne ko uku.

Sakatariya ta buɗe kularta ta ɗauki cokali. Ta ce saura mata shekara biyu ta yi ritaya, ya rubuto koke, wadda za ta gaje ta za ta duba.

A hanya ya sa na tsaya wurin mai firam. Ya zaɓi baƙi marar ado, ya tsaya a kan mutumin har ya gama, ya sa shi ya kwance sau biyu wai takardar ta karkace. Ta ƙwazo da biyayya kuwa Mama ta shimfiɗa ta a ƙasan durowar da take ajiye cokula. Ticha da Kawu kowa ya zo a ranarsa, ya tsaya gaban firam ɗin, ya ce ai ga shi maganarsa ta tabbata. Kwamitin binciken har yau bai zauna ba.

Wata biyar bayan haka hawan jini ya kwantar da Baba, aka ba shi gado a asibitin. Da aka kai shi ɗaki bai yarda ya kwanta ba sai da ya shafa zanen gadon, ya shinshina, ya juya gefensa ya duba ɗinkin, ya ɗaga matashin ya leƙa ƙarƙashi. Fes yake, a goge, ba tabo ba danshi. Matar da ta gaje shi a sashen ta zo gaishe shi, ta tsaya tana jiran abin da zai ce. Ya ce ba laifi, ya juya fuska bango. Duk yinin bai ƙara magana ba. Ko da likita ya ce masa daga yau shi da gishiri sai kallo, kai kawai ya gyaɗa. Mama ta ja ni baranda ta riƙe hannuna, ta ce jikin nan ya fi yadda likitoci ke faɗa, gara a kira Kawu.

Ƙarfe biyar aka turo keken abinci. Muka koma ciki muka tarar Baba ya tashi zaune, ya buɗe kwanon, ya ɗanɗana, ya ajiye cokali. Yana tambayar mai rabon wa ke shugabantar kicin yanzu, da ƙarfe nawa aka sauke wannan, da dalilin da ya sa ɗakin da ya fi kusa da kicin shi ake kai wa a ƙarshe. Matar ta ce ita rabo kawai aka sa ta. Ya ce ya sani, ba da ita yake ba, ta dai samu wuri ta zauna tukuna.

Mama ta saki hannuna. Ta ce in bar kiran Kawu, in je mota in ɗauko mata flas ɗin shayinta.